Ɗigo Uku a Tsaunin Signal Hill: Me Marconi Ya Ji Ranar 12 ga Disamba, 1901?

Ranar Alhamis, 12 ga Disamba, 1901, wani saurayi ɗan Italiya mai shekara 27, Guglielmo Marconi, yana zaune a ɗakin wani tsohon asibiti da aka daina amfani da shi a kan tsaunin Signal Hill, wanda ke kallon tashar jiragen ruwan St. John's a tsibirin Newfoundland. Kan wayar tarho yana kare a kunnensa. A waje sanyi ne da iska mai ƙarfi, tana ta wujijjiga wata doguwar waya da aka ɗaga sama. Da ƙarfe 12:30 na rana ya ce ya ji ƙas, ƙas, ƙas, sau uku a jere. Ya miƙa wa mataimakinsa George Kemp kan tarhon, ya tambaye shi ko yana jin wani abu. Kemp ya ce yana ji. A ɗan littafinsa na aljihu Marconi ya rubuta layi guda: an sami sigina da 12.30, da 1.10, da 2.20.

Ɗigo uku a haruffan Morse, wato tsarin tangarahu na rubuta haruffa da ɗigo da ja, shi ne harafin S, kuma shi aka umarci tashar Poldhu da ke gaɓar Cornwall a Ingila ta riƙa bugawa a waɗannan sa'o'i. Tsakanin wuraren biyu akwai Tekun Atlantika, kimanin mil 2,100, wato kusan kilomita 3,400. Idan abin da ya shiga kunnensa daga Poldhu ya fito, to a ranar ce saƙo ya fara ƙetare Tekun Atlantika ba tare da waya ba. Haka littattafan tarihi suka rubuta. Amma har gobe injiniyoyin rediyo ba su rufe wannan magana ba, kuma ba hassada ce ke sa su ba. Wanda ya bi lamarin daki-daki zai tarar bakin zaren yana wuri guda: ɗan abin da Marconi ya sa tsakanin eriya da kunnensa, wato na'urar gano sigina. Iri biyu yake da su a akwati. Ɗaya tana rubutu a takarda amma jinta ba kaifi, ɗaya kuwa jinta da kaifi amma ba ta barin shaida. Ya ɗauki ta biyun, kuma daga wannan zaɓi ne nasarar da shakkar suka fito tare.

Bututun garin ƙarfe

A wancan zamani tura igiyar rediyo ba shi ne babban aiki ba. Tun a 1887 da 1888 Heinrich Hertz ya nuna a Jamus cewa idan tartsatsin lantarki ya tsallaka tsakanin ƙarafa biyu, yana watsa igiyoyi cikin sarari. Mai son igiyar ta yi nisa sai ya ƙara wuta, ya ƙara tsayin eriya. Wajen karɓa ne gizo ke saƙa. Igiyar da ta sha tafiya takan iso da ƙarfin da bai taka kara ya karya ba, tana kuma kaiwa da komowa sau dubban ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, saurin da babu allurar awo ko kan tarho da zai iya binsa. Ga shi ba a riga an ƙirƙiro abin da ke ƙara wa sigina ƙarfi ba. Hertz kansa da ido yake nema: zoben waya mai 'yar tsaga, ya duhunta ɗaki yana jiran ganin ƙanƙanin tartsatsi a tsagar. Irin wannan ba ya wuce faɗin ɗakin gwaji.

A 1890 Édouard Branly, malamin kimiyya a Faris, ya lura da wani abu. Idan aka zuba garin ƙarfe a bututu, ƙwayoyin suna taɓa juna sama-sama, wutar batir ba ta iya ratsa su sosai. Amma da zarar an yi tartsatsi a kusa, sai garin ya buɗe wa wuta hanya nan take, ya kuma ci gaba da zama a buɗe har sai an girgiza shi. Oliver Lodge a Ingila ya gyara wannan bututu a 1894, ya raɗa masa suna kohira. Shekara guda bayan haka Alexander Popov a Rasha ya haɗa irinta da ƙararrawa, ya yi na'urar da ke sanar da walƙiya tun hadari yana nesa.

Kohirar Marconi siririn bututun gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta. A ciki akwai toshe biyu na azurfa suna fuskantar juna, da 'yar tazara a tsakani wadda aka zuba wa garin nikel gauraye da ɗan azurfa. Igiya na sauka daga eriya sai garin ya manne, wutar batir ta wuce, ta ja wani makunni, makunnin ya sa alƙalamin tawada ya diga a kan siririyar takarda da ke tafiya. Aikinta kamar na tarkon ɓera ne: idan ya faɗa sau ɗaya, ba ya sake kamu sai an ɗana shi. Saboda haka aka sa 'yar guduma irin ta ƙararrawa tana bugun gilashin bayan kowane sigina don garin ya warware.

Alherin wannan tsari shi ne rubutu. Ko babu kowa a ɗakin, takarda za ta nuna abin da ya zo. Aibinsa kuma ba ɗaya ba ne. Garin ba ya mannewa sai igiyar ta kai wani mizani na ƙarfi, abin da ya gaza wannan mizani kamar bai zo ba ne. Bugun guduma yana rage sauri. Sannan kohira ba ta san bambancin tartsatsin mai aika saƙo da na walƙiya ba, kowanne ya zo ɗigo za ta yi masa. Duk da haka, da ita Marconi ya yi suna. Ya je Ingila a 1896, ya kafa kamfani a 1897, ya aika saƙo tsakanin Faransa da Ingila a 1899. A Janairun 1901 ya haɗa tsibirin Isle of Wight da Lizard a Cornwall, tazarar mil 186.

Wannan mil 186 yana da muhimmanci. Masana da yawa sun ɗauka igiyar rediyo miƙe take tafiya kamar haske, don haka ba za ta bi lanƙwasar duniya ba. Tsakanin Ingila da Amurka kuwa ƙusumbin teku ya haura mil 100 a tsayi. Marconi ba shi da bayanin da zai kare kansa da shi a gaban masu lissafi, sai dai ya riga ya ga siginarsa ta wuce inda ido ke iya hange. A kan wannan ya shawo kan daraktocin kamfaninsa suka zuba kuɗin da ya kai wajen fam 50,000.

Guguwa biyu

An ɗauko John Ambrose Fleming, farfesa a Landan, ya tsara injinan Poldhu. Abin da ya gina ba a taɓa yin irinsa ba: janareta mai ƙarfin kusan kilowat 25 a maimakon batir, da matakai biyu na tara wuta kafin a sake ta ta zama tartsatsi. Eriyar kuwa turaku 20 ne, kowanne ƙafa 200, an kafa su da'ira. An yi wata tasha irinta a Cape Cod ta Amurka don a riƙa musayar saƙo.

Ranar 17 ga Satumba, 1901 guguwa ta kwantar da turakun Poldhu. A ƙarshen Nuwamba na Cape Cod ma suka zube. Daga nan shirin ya koma na lallaɓawa. A Poldhu aka kafa turaku biyu aka rataya wayoyi kimanin 50 a tsakaninsu kamar mafici. Aka jingine maganar musayar saƙo, aka koma neman jin sigina ta ɓangare guda kawai, a wuri mafi kusa da Turai. Shi ya sa aka zaɓi Newfoundland, wadda a lokacin ƙasa ce daban ƙarƙashin Birtaniya, ba ta shiga Kanada ba sai 1949.

Marconi ya tashi daga Liverpool da mataimaka biyu, Kemp da Percy Paget, suka sauka St. John's ranar 6 ga Disamba. Bai faɗa wa kowa ainihin abin da ya kawo shi ba. Ya ce gwajin magana da jiragen ruwa masu wucewa zai yi. Gwamnati ta ba shi aron tsohon asibitin. Da yake babu lokacin kafa turaku, ya zo da balan-balan na iskar haidurojin da kuma manyan jiragen igiya, wato ƙyalle da aka ɗaure a firam ɗin gora, iska na ɗaga shi sama yana jan waya. Ta kebul ɗin ƙarƙashin teku ya aika wa Poldhu umarni: daga 11 ga wata a riƙa buga S kullum daga ƙarfe 3 na yammacin Ingila, wanda ya yi daidai da 11:30 na safe a St. John's.

An zaɓi S ne saboda dalilin aiki. Injin Fleming ba ya jure dogon dannawa, idan aka riƙe makullin don yin ja mai tsawo, tartsatsin na iya zama wuta mai ci ta lalata kaya. Ɗigo gajere ne, ba ya wahalar da inji.

Ranar 11 iska ta tsinke igiya ta tafi da balan-balan. Ranar 12 ta tafi da jirgin igiya na farko. Na biyun ne ya tsaya, yana riƙe da waya mai tsawon ƙafa 500.

Ɗigon zaiba

A nan ne aka yanke shawarar da ta haifar da komai. Marconi yana da na'urar karɓa mai saiti, wadda ake daidaitawa da zangon tashar da ake nema, kuma yana alfahari da ita, don a 1900 ya yi mata rajistar mallaka mai lamba 7777. Sai dai saiti yana bukatar eriya ta tsaya cik. Jirgin igiya kuwa yana hawa yana sauka da iska, duk motsin da ya yi sai yanayin lantarkin wayar ya canja, saitin ya goce. Ga kohirar garin ƙarfe ta ƙi yin ko ɗigo ɗaya. Sai ya ture duka biyun, ya haɗa eriya kusan kai tsaye da wata na'ura dabam.

Ita ma bututun gilashi ce, amma a maimakon gari, ɗigon zaiba ne guda tsakanin toshe biyu, na ƙarfe da na gawayi. Ba ta bukatar guduma, da kanta take komawa yadda take bayan igiya ta wuce. Ba ta da ƙarfin jan alƙalami, don haka da kan tarho ake haɗa ta, mutum ya saurara. Kunnen ɗan Adam da kan tarho mai kyau suna iya tsinkayar wutar da ta yi ƙanƙantar da ba za ta motsa kowane makunni ba. Ta wannan hanya Marconi ya sami kaifin jin da ya ninka na da, ya kuma rasa takardar shaida.

Wa ya ƙirƙiro wannan na'ura? Marconi ya same ta ne daga abokinsa Luigi Solari, hafsan sojan ruwan Italiya, shi ya sa ake ce mata kohirar sojan ruwan Italiya. A 1902 rigima ta tashi. Wani farfesa a Italiya, Angelo Banti, ya ce wani ƙaramin soja mai aikin sigina, Paolo Castelli, shi ne mai ita. A Ingila Silvanus Thompson ya ɗauki maganar ya yi ta sukar Marconi a jarida. Can a Kalkata kuma, Jagadish Chandra Bose ya riga ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society takarda a 1899, inda ya bayyana na'urar zaiba da ƙarfe mai komawa da kanta, wadda ake saurare da tarho. A 1998 wata mujallar ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta buga dogon bincike da ke cewa asalin abin na Bose ne. Ko wanne ne gaskiya a cikinsu, abu ɗaya a fili yake: ɗan abin da ya yi aikin a ranar ba ƙirar Marconi ba ce, kuma bai yi gaggawar faɗin haka ba. Fleming ma, wanda ya gina injin da ya tura siginar, da ƙyar aka ambaci sunansa a shagulgulan da suka biyo baya, abin ya kuma yi masa ciwo ƙwarai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ina ganin wannan tabo ne na gaske a tarihin Marconi, kuma bai kamata girman abin da ya yi ya sa a share shi ba.

Sanarwa da takardar lauya

Ranar 14 ga Disamba Marconi ya sanar da 'yan jarida. Kafin a je ko'ina kamfanin Anglo-American Telegraph, mai kebul ɗin ƙarƙashin teku, ya aiko masa da takardar lauya. Kamfanin yana da izinin shekara 50 na mallakar duk harkar tangarahu a Newfoundland, wanda ba zai ƙare ba sai 1904, don haka ya ce ko Marconi ya tattara kayansa ko a haɗu a kotu. Ya tattara.

Wannan takarda ta yi masa amfani ta fuska biyu. Jama'a sun ce ruwa ba ya tsami banza, da babu gaskiya a maganar da masu kebul ba su firgita ba. Sannan ta ɗauke masa nauyin maimaita gwajin a gaban shaidu, alhali da eriyar da iska ke wasa da ita babu tabbacin zai sake jin komai. Gwamnatin Kanada ta gayyace shi, ta ba shi dala 80,000 ya gina tasha a Glace Bay ta Nova Scotia.

Masu shakka ba su yi shiru ba. Thomas Edison yana cikin waɗanda suka fara cewa ba su yarda ba. Hujjarsu mai sauƙi ce, kuma har yau ba ta tsufa ba. Marconi ya san harafin da za a aiko, ya san lokacin da za a aiko shi, ya kuma zuba duk abin da ya mallaka a kan jinsa. Shaidarsa ɗaya ce, kuma ma'aikacinsa ne. Sannan sautin da ake nema ba shi da wata alama ta musamman. Injin Poldhu tartsatsinsa jefi-jefi ne, ba ya sauri har ya zama amo mai daɗi kamar na tashoshin da aka yi daga baya. Kowane ɗigo ƙas ne kawai. Duk wanda ya taɓa kunna rediyo a matsakaicin zango lokacin damina ya san yadda walƙiyar nesa ke cika shi da irin wannan ƙas-ƙas ɗin, ko da sama tana garau a inda yake. Eriya mai ƙafa 500 da babu saiti a kanta tana kwaso irin wannan hayaniya daga rabin duniya. A cikinta, kunnen da ke jiran uku zai iya tsinto uku, ba tare da mai kunnen ya yi niyyar ƙarya ba.

Jirgin Philadelphia

Marconi ya san gani ya kori ji. Bayan wata biyu, a ƙarshen Fabrairun 1902, ya hau jirgin fasinja mai suna Philadelphia daga Ingila zuwa New York. Wannan karon ya gyara duk abin da aka soka. An ɗaure eriya a turken jirgi, ba ta hawa ba ta sauka, don haka saiti ya yi aiki. Ya koma ga kohirar garin ƙarfe da alƙalaminta. Duk takardar da ta fito sai kyaftin ɗin jirgi ya sa mata hannu, a rubuta inda jirgin yake a teku. Poldhu kuma ba S kaɗai take aikowa ba, har da cikakkun saƙonni.

An karanta cikakken saƙo a takarda har zuwa mil 1,551. Harafin S ya ci gaba da fitowa har mil 2,099. Wannan shaida ce da babu mai iya ture ta, kuma da ita aka tabbatar igiyar rediyo tana bin lanƙwasar duniya.

Amma tafiyar ta fito da wani abu da ba a zata ba. Duk wannan nisa da dare aka same shi. Da rana sigina takan mutu a wajen mil 700. Gwajin da ya wanke Marconi shi ne kuma ya jefa ranar 12 ga Disamba cikin sabuwar tuhuma, domin a Signal Hill da tsakar rana aka yi sauraro. Ƙarfe 12:30 a St. John's ƙarfe 4 ne na yamma a Cornwall, rana na dab da faɗuwa a can, amma mafi yawan hanyar tana cikin haske. Yaya siginar da ta gaza wuce mil 700 da rana a Fabrairu ta yi ninki uku na haka da rana a Disamba?

Marconi ya zaci hasken rana ne ke zuƙe wutar eriyar da ke aikawa. Ba haka ba ne. A wannan shekara ta 1902 Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowanne a nasa ɓangare, suka kawo ra'ayin cewa can sama akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki wanda ke maido da igiya ƙasa. Sai a 1924 Edward Appleton ya tabbatar da shi ta hanyar gwaji. Daga baya aka gane rufin hawa-hawa ne. Hawa na ƙasa rana ce ke samar da shi, kuma aikinsa shanye igiyoyin matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ya watse, igiya ta sami hanyar kaiwa hawa na sama ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Dalilin ke nan da ya sa tashoshin nesa da ba a kamawa da rana sukan cika rediyo bayan isha'i.

Poldhu kuwa a matsakaicin zango take. Ba a auna zangonta a 1901 ba, don babu ma'aunin da za a yi hakan da shi, amma adadin da Marconi ya bayar daga baya, mita 366, ya faɗa tsakiyar zangon da rana ke shanyewa.

To me ya ji?

Amsoshi uku ake da su. Ta farko, hayaniyar walƙiya ce ya ji ya ɗauka S ce. John Belrose, masanin rediyo a Kanada, ya yi lissafin ƙarfin Poldhu da raunin na'urar karɓa, ya ce da wuya siginar ta isa. Ta biyu, siginar matsakaicin zangon ce ta iso da ƙyar, saboda lokacin ya dace: tsakiyar hunturu ne, rana ba ta hawa sama sosai a arewacin Atlantika, kuma 1901 shekara ce da tabon rana, wato baƙaƙen ɗigon da ke yawaita a fuskarta idan ƙarfinta ya ƙaru, ya yi ƙaranci, don haka hawan da ke shanye igiya ya yi rauni.

Ta ukun ita ce ta fi jan hankalina, domin ta dawo da mu kan na'urar. Tartsatsi ba ya fitar da zango ɗaya tsaf. Yana watsa ƙarfi a zanguna da yawa, har da gajeru. Na'ura mai saiti takan tace waɗannan ta zubar, ta bar wanda aka saita ta a kai. A jirgin Philadelphia da saiti aka yi aiki, don haka matsakaicin zangon kaɗai aka ji, shi kuwa rana tana kashe shi. A Signal Hill iska ta tilasta wa Marconi ya ajiye saiti, ƙofa ta zama a buɗe ga kowane zango. Gajeren zango kuma yana ratsa hawan ƙasa ko da rana, ya dawo daga na sama. J. A. Ratcliffe, masanin sararin samaniya na Birtaniya, yana cikin waɗanda suka kawo wannan bayani. Idan haka ne, to Marconi ya ji Poldhu da gaske, amma ta hanyar da shi kansa bai san da ita ba. Daga nan ya shafe shekara 20 yana ƙara tsawon zango da girman eriya, a 1923 kuma ya yi gwajin gajeren zango daga wannan tasha ta Poldhu zuwa jirgin ruwansa Elettra. Gajeren zangon nan ne daga baya ya riƙa kawo wa ƙasar Hausa muryoyi daga Landan, bayan buɗe sashen Hausa na BBC a 1957.

Ni dai ban ɗauki Marconi maƙaryaci ba. Mutumin da ya san ƙarya ya yi ba zai hau jirgi bayan wata biyu ya sa kyaftin ya riƙa sa hannu a takarda ba. Ya yi shekaru yana sauraron waɗannan na'urori, Kemp ma tsohon sojan ruwa ne da ya goge a aikin sigina, kunnuwansu ba na baƙi ba ne. Amma yarda da gaskiyar mutum daban, kafa hujja daban. Gwajin Signal Hill an tsara shi ta yadda ba zai iya kore shakka ba, alhali gyaransa ba shi da wuya: da an bar ma'aikatan Poldhu su zaɓi lokutan bugawa da na yin shiru a ɓoye, a zo daga baya a gwada littafinsu da na Marconi, da magana ta ƙare. Ba a yi haka ba, domin kamfanin yana cikin matsi bayan asarar turaku, yana bukatar labari mai daɗi da wuri. Saboda haka idan ana maganar ranar da aka tabbatar rediyo na iya cin nisan teku, a ganina Fabrairun 1902 ya kamata a ambata. Disambar 1901 da'awa ce mai yiwuwa, wadda ba a tabbatar ba, ba a kuma ƙaryata ba.

Abin da ya biyo baya a ɗakin gwaji

Abin da Marconi ya yi bayan ya dawo ya nuna inda ya ga rauninsa. Bai koma kan na'urar zaiba ba, don ba ta da tabbas, yau ta yi aiki gobe ta ƙi, ga rigimar mallaka a kanta. Kafin tsakiyar 1902 ya fito da tasa, na'urar maganaɗisu, wadda ya gina a kan binciken da Ernest Rutherford ya yi a 1895 da 1896. Ɗamara ce ta siraran wayoyin ƙarfe, injin agogo yana juya ta a hankali a kan ƙafafu biyu, tana wucewa ta gaban maganaɗisu biyu da cikin naɗin waya. Igiya na zuwa sai maganaɗisun da ke jikin ɗamarar ya motsa farat ɗaya, a ji sauti a tarho. Ba ta kai wasu kaifin ji ba, amma girgizar jirgi ba ta dame ta, abin da take bukata kawai a riƙa murɗa mata makulli kamar agogo. Ta zama abin aikin jiragen ruwa na tsawon shekaru, tana cikin ɗakin wayar iska na Titanic a 1912.

Wasu ma suna nasu neman. Reginald Fessenden ya yi ta siririyar waya da aka tsoma cikin ruwan asid a 1903. A 1906 Henry Dunwoody da Greenleaf Pickard a Amurka suka yi rajistar na'urorin dutse, inda tsinin ƙarfe ke taɓa ƙanƙarar ma'adini, wuta ta wuce ta gefe guda kawai. Bose ya riga su da irin wannan, da dutsen tozali, rajistarsa ta fito a 1904.

Fleming kuwa matsalar ta shafe shi a jikinsa. Jinsa yana raguwa, sauraron ƙas-ƙas a tarho ya zame masa wahala, yana son abin da zai motsa allurar awo ya gani da ido. A 1904 ya tuna da wasu ƙwayayen fitila da ya taɓa gwaji da su shekaru da suka wuce, masu ƙarin farantin ƙarfe a ciki, waɗanda wuta ke bi daga zaren da ya yi zafi zuwa farantin amma ba ta komowa. Ya ɗauko ɗaya daga kabad ya haɗa da na'urar karɓa, allura ta motsa. A Nuwamban shekarar ya yi mata rajista. Bayan shekara biyu Lee de Forest ya ƙara wata waya ta uku a cikin irin wannan ƙwai, kuma zuwa 1912 aka gano yadda za a sa shi ya ninka ƙarfin sigina mai rauni, abin da babu ko ɗaya cikin na'urorin baya da ke iya yi.

Kasuwancin aika saƙo tsakanin gaɓa da gaɓa bai fara ba sai Oktoban 1907, tsakanin Clifden a Ailan da Glace Bay, kusan shekara shida bayan Signal Hill, da zango mai tsawon dubban mitoci da injinan da suka ninka na Poldhu ƙarfi. A waɗannan tashoshi da kunne ma'aikata ke karɓar saƙo suna rubutawa da hannu, domin zuwa lokacin an ƙara saurin tartsatsi har sigina ta sami amon da ake iya bambanta shi da na walƙiya. Kohirar garin ƙarfe da gudumarta sun riga sun fara ficewa daga aiki.